Sassaben Zamani: Abin da Na Gani a Ƙasar Maradi

Tsakanin Katsina da Maradi bai cika kilomita 100 ba, abin da ke cin lokaci shingaye ne da tsayuwar bakin iyaka. Mun bar tasha da hantsi, domin a shekarun nan direbobi ba sa son bin hanyar Jibiya da duku-duku ko da almuru. A Magama na canji nairata zuwa sefa, a Ɗan Isa jandarma suka duba katin shaidarmu suka miƙo mana, daga nan kwalta ta miƙe arewa. Ƙarshen watan Maris ne, hunturu ya kau, zafin bazara ya fara kankama.

Mahaifiyata ce ta aike ni. Ƙanenta yana Maradi tun yana saurayi, kafinta ne, kuma dattijo ne a ikilisiyarsu. Labari ya iske ta cewa shi da babban ɗansa ba sa ga maciji: yaron ya bar gida, ya daina zuwa sujada, yana kabu-kabu yana kwana a ɗakin abokai. Ta ce in je in yi Ista a wurinsu, in kuma ji abin da ake ciki.

Kafin a shiga gari sai an wuce Danja, inda wata ƙungiyar mishan ta Kirista mai suna SIM ta kafa asibitin kutare a 1956, aka kuma buɗe cibiyar kula da masu yoyon fitsari a 2012. Nan wata mata ta sauka da 'yarta, ta riƙe mata hannu suka tsallaka titi a hankali. Ni kuwa tun daga Ɗan Isa idona yana kan gonaki. Mun taso muna jin cewa wanda ya yi arewa da Katsina hamada yake tunkara, amma ga itatuwa nan tsaitsaye a tsakiyar gonaki, manya da matasa, ba a jere ba balle a ce dasa su aka yi. Na ajiye tambayar a raina.

Bakatsine ba ya baƙunta a Maradi. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsu a nan, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maradi. Gobirawa kuma suna nan kusa a Tibiri. Tsohon garin yana cikin fadamar gulbi ne, ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka hau da mutane kan tudu aka yanka musu unguwanni, abin da ya sa titunan tsakiyar gari suka miƙe sambal. Gyaɗa ce ta fara yi wa garin arziki, daga baya fatauci da Najeriya ya haifi alhazan Maradi da ake labari. Masu bi, wato Kirista, 'yan kaɗan ne a cikin wannan taron jama'a, kowa ya san gidan kowa, abin da ya sami gida ɗaya kuwa kafin Lahadi ya zaga ikilisiya duka.

Sai da muka ci tuwon hatsi da miyar kuka, yara suka kwanta, sannan Kawu ya buɗe baki. Ya ce an kama yaron da ƙwayar tiramol. Maganar ta zo gaban dattawa, shi kuma don kada a ce ya kare nasa, shi ya fara cewa a yi masa horo a bainar jama'a. Aka tsayar da shi ranar Lahadi, aka karanta laifinsa, aka cire shi daga ƙungiyar mawaƙa, aka nuna masa bencin baya. Ya zauna a kai sau ɗaya, bai sake komawa ba.

"Ɗana, me ban yi masa ba?" in ji Kawu. "A cikin Littafi ya tashi. Uwarsa ta koya masa ayoyi tun bai iya ɗaura wando ba. An yi masa baftisma, ina tsaye a bakin ruwa. Ni na cire hannuna. Icce in ya bushe, wuta ce rabonsa."

Inna, matar Kawu, tana gefe tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Na ce, "Kawu, Allah ya sanyaya." Iyakar abin da ya dace da bakina ke nan a daren farko.

Ranar Juma'a Mai Kyau Kawu yana da bencina da ya ƙera wa wata ƙaramar ikilisiya a wani ƙauye ta wajen Agye, ya ce in raka shi. Muka ɗora su a bayan a-kori-kura, muka bi hanyar Damagaram. Bayan Cadawa muka sauka daga kwalta, direba ya tsaya ya rage iskar tayoyi don kada motar ta kafe a rairayi. A ƙauyen aka tarbe mu da ruwan randa da fura mai sanyi a ƙwarya. Mai masaukinmu wani tsoho ne, dattijon ikilisiyar, siriri, mai saurin tafiya. Da na yi masa tambayar itatuwan nan, bai amsa ba, sai ya shiga ɗaki ya fito da adda da ɗan ƙaramin gatari. "Malam, taso mu tahi gona tun rana ba ta take ba."

Gonar jigawa ce, an kwashe kara sai gindinsa. Ya wuce nasa gefen ya kai mu wani yanki da wani ɗan'uwansa ya bar masa bana, da zai tafi ci-rani. Wannan yankin fili ne fetal, sai 'yan cunkus ɗin kalgo da sabara nan da can, waɗanda ba su kai gwiwata ba, irin waɗanda a wurinmu ake sarewa lokacin sassabe a tara a cinna musu wuta. Ya durƙusa gaban ɗaya, ya tone rairayin gindinsa da hannu. Sai ga kututture baƙi mai kauri, kansa duk sawun sara, sabo a kan tsoho. Daga jikinsa tsirrai sun fi ashirin, kowanne siririn tsinke, kowanne da ɗanyen ganye.

"Wanga icce ya girme ka," in ji shi. "Mai gonar ya sare shi, ubanshi ya sare shi. Kowace shekara shina tohowa, ana sarewa. Saiwarshi tana can ƙasa inda damshi yake, ba ta mutu ba ko sau ɗaya."

Ya ɗauki lokaci yana duba tsirran, yana lanƙwasa wannan, yana karkatar da wancan, har ya zaɓi biyar mafi ƙarfi da miƙewa. Sauran duka ya sare su daga tushe. Na lura ba ya kawo sara daga sama. Yakan sa bakin addar a ƙarƙashin reshen ya ɗaga ta sama da sauri, sara ɗaya, wurin ya fita sumul. Na tambaye shi dalili. Ya ce in ka saro daga bisa, nauyin reshen yakan ja ɓawon ya tsage shi har ƙasa, ciwon ya daɗe bai warke ba, gara da ƙwari su sami ƙofa. Don haka ba ya fita wannan aiki da adda dakusasshiya, da asuba yake wasa ta. Biyar ɗin da ya bari ma bai ƙyale su haka ba: ya rage musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa kusan rabin tsawonsu, ya bar na sama. Sannan ya ɓare ɓawon kalgon da ya sare ya yi igiya, ya haɗa su ya ɗaure don kada iska ta karya su, ya ƙulla wani jan tsumma a kai, alamar cewa wannan icce yana da mai shi. Ganyen ya bar shi nan ƙasa ya zama taki, tsinkayen ya tara wa jikarsa ta kai gida a yi girki. Duka aikin bai ɗauki lokacin shan fura ba.

Ya ce bayan 'yan watanni zai dawo, domin kututturen zai sake fitar da wasu, sai an sake ragewa. Ya juya ya nuna mini nasa gefen. Kalgo da sabara da magarya da aduwa, wasu sun fi ɗaki tsawo, duk daga irin wannan cunkus ɗin suka tashi. Wannan shi suke kira sassaben zamani.

A inuwar wata aduwa muka zauna, shi da Kawu suka haɗu suka ba ni tarihin abin. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai ilimin noma, Tony Rinaudo, ya zo Maradi yana aiki da SIM. Aikin da ya tarar shi ne na kowa a lokacin: a rena dashe a leda, a ɗauka a kai ƙauyuka, a dasa. Mafi yawansu mutuwa suke yi. Wanda rana ba ta ƙone ba awaki su cinye, wanda awaki suka bari rairayi ya binne. A 1983, yana kan hanyar ƙauye da dashe a mota, ya tsaya rage iskar taya kamar yadda direbanmu ya yi, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan cunkus a gefen hanya, ya je ya duba ganyensa, ya gane cewa itace ne da aka sare yake ƙoƙarin dawowa. Irinsa kuwa miliyoyi ne a gonakin ƙasar.

Manoman farko da suka yarda suka gwada an yi ta yi musu dariya, domin a lokacin gona mai tsabta ita ce wadda ba ko tsinke a cikinta. Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen nan suke kira El Buhari saboda rufe iyakar da gwamnatin Janar Buhari ta yi a lokacin. Tsohon ya faɗi sunan yana kallona, ba da zargi ba, ni dai na ji nauyinsa. Ya ce a shekarar an ba da abinci a madadin aiki, aikin kuwa har da barin itatuwa a gona. Da abincin ya ƙare, mafi yawan mutane suka sare nasu. Waɗanda suka bari su ne suka fara ganin bambanci: iska ta daina binne shuka har a sake shukawa sau biyu sau uku, ƙasa ta riƙe damshi, mata suka sami itacen girki a kusa, dabbobi suka sami 'ya'yan itace da rani. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, Musulmi da Kirista, ba wanda ya tambayi addinin mai dabarar. Akwai kuma tsoron ma'aikatan gandun daji, don a dā itace na gwamnati ne ko da a gonarka ya tsiro, kana iya shan tara a kansa. Sai da wannan ya sassauta mutane suka saki jiki, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi itacen da ya rena. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa abin ya kai kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, akasari a jihohin Maradi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Ni malamin makarantar Lahadi ne, na kuma daɗe cikin aikin matasa, don haka ina sauraronsu zuciyata tana wani wuri. Manzo Bulus ya ce a Romawa 1:20 ikon Allah da allahntakarsa suna bayyane a cikin abubuwan da ya halitta. Na gaskata haka ne ƙwarai, na kuma gaskata cewa hannun da ya tsara yadda itace ke girma shi ne ya tsara yadda mai bi ke girma, shi ya sa Yesu bai gaji da misalin gona ba. Abin da ya fara tsaya mini shi ne tsirran nan da aka sare. Ba busassu ba ne. Duka ɗanyu ne, duka daga saiwa ɗaya suke sha. Yawansu ne ya hana ko ɗaya zama itace, ƙarfin saiwar ya rabu gida ashirin. A Yohanna 15 Yesu ya ce shi ne itacen inabi, Ubansa ne manomin. Reshen da ba ya 'ya'ya ana cire shi, amma mai 'ya'yan ma wuƙa tana zuwa kansa, don ya ƙara haihuwa. Mun fi son rabin farko na ayar, don yana magana a kan wasu. Rabin na biyu namu ne, mu da muke cikin mawaƙa, muna kwamitin gini, muna zumuntar matasa, muna kowane taron dare, amma shekara goma fushinmu yana nan yadda yake, ba mu kuma iya zama minti goma da Allah mu kaɗai. Duk abubuwan nan masu kyau ne. In Ubangiji ya karɓe wasu daga hannun mutum, ta rashin lafiya ko ta sauyin wurin aiki ko ta wata ƙofa da ta rufe, ba lalle fushi yake yi da shi ba.

Na biyu shi ne dashen leda. Ina ganin ikilisiyoyinmu sun fi ba da ƙarfi a nan. A kira babban mai wa'azi daga nesa, a yi taron farkawa na mako guda, a ƙirga waɗanda suka fito gaba, a rubuta a rahoto. Ba na raina wannan, akwai waɗanda ta nan suka sami ceto. Amma bayan wata uku wa yake komawa ya duba su? A gefe guda kuma ga mutanen da Maganar Allah ta riga ta yi saiwa a cikinsu tun suna yara, duniya ta sare su, wani lokaci mu da kanmu muka sare su, suna nan cikin gari muna wuce su kullum muna cewa sun lalace. Tsohon ya ce toho daga tsohon kututture yakan tsere wa dashe nesa ba kusa ba, don ba ya ɓata shekaru yana neman ruwa. Aikinsa ba shi da armashi: mutum ɗaya, gindi ɗaya, a dawo, a sake dawowa. Almajirantarwa ke nan yadda na fahimce ta.

Na tambaye shi, "Baba, duk kututture ne ke tashi?" Ya ce a'a. Wanda aka tara wa kara aka ƙone shi shekara bayan shekara, wani yakan mutu har saiwa. Amma shi ba ya yanke wa icce hukunci da rani. Sai damina ta wuce bai ga toho ba, sannan ya san ya tafi. Kawu yana zaune yana jujjuya wani tsinke a hannu, bai ce uffan ba. Tsohon bai san labarin gidansa ba, ni ma ban faɗa masa ba.

A hanyar komowa muka bi ta ƙarƙashin wani babban gawo. Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san halinsa, amma ban taɓa tsayawa na dube shi da kyau ba sai ran nan. Ko'ina ya bushe, shi kuwa ya yi lif da ganye, jajayen awakin Maradi sun taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa masu lanƙwasa da suka zubo. Da ruwan farko ya sauka zai kakkaɓe ganyen, ya tsaya tsirara damina duka. Ganyen ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin da shuka ke bukata, rana ta ratsa rassansa ta kai ga hatsi, ga kashin dabbobin da suka yi rani a gindinsa, ga saiwarsa da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, tana kuma shan ruwa daga can ƙasa inda saiwar hatsi ba ta kaiwa. Tsohon ya ce damin da yake ɗaurewa a ƙarƙashin gawo ya fi na ko'ina a gonar nauyi. Irinsa ma ya fi tsirowa in ya bi ta cikin dabba, akuya ta ci a nan ta kai shi wata gona. Wannan ya amsa mini wata tambaya da ke raina game da wanda bai taso a gidan masu bi ba, ba shi da tsohuwar saiwa: Allah yana shuka sabo ma, ta hanyoyin da ba mu muka tsara ba. Duk wanda ya dubi yadda aka jera waɗannan abubuwa, kowanne a kan lokacinsa, itace da akuya da hatsi da ruwan sama, ya ce haka kawai suka faɗo, ni dai ban iya bin sa ba. Irmiya 17 ta yi maganar mai dogara ga Ubangiji, wanda ganyensa ke zama ɗanye a shekarar fari. Na san irinsu a ikilisiya, galibi tsofaffin mata ne, ba a jin su lokacin biki, sai ranar makoki.

Da yamma aka yi sujada a kan sababbin bencina. Ɗakin na laka ne da rufin kwano, fitila mai aiki da hasken rana tana rataye a azara. Ba su fi mutum talatin ba har da yara. Mai bisharar saurayi ne da ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye. Bayan karatun gicciyewar Yesu, sai ya buɗe Ayuba 14. A can Ayuba yana cewa itace yana da bege: ko an sare shi zai sake toho, ko saiwarsa ta tsufa a ƙasa, kututturensa ya mutu a turɓaya, da ya ji ƙanshin ruwa zai tsiro kamar sabon dashe. Manoman suka gyaɗa kai, wannan sun san shi da hannunsu. Amma saurayin bai tsaya nan ba, ya ci gaba zuwa inda Ayuba ya juya maganar: mutum fa, in ya mutu ya kwanta, ina yake? In mutum ya mutu, zai sake rayuwa?

Na ji daɗin da bai tsallake wurin ba. Ayuba bai ɗauki itace ya kwantar wa kansa da hankali ba, kishinsa ma yake yi. Halitta tana nuna mana yadda Allah yake aiki, amma kalgo bai taɓa gafarta wa kowa zunubi ba, gawo kuma bai ta da matacce ba. Wanda ya ce shi daji ne majami'arsa, ya tsaya a rabin hanya. Mai bisharar ya kai mu Ishaya 11, inda aka yi alkawarin toho zai fito daga kututturen Yesse, a lokacin da gidan Dawuda zai zama kamar an gama da shi. Ya ce wannan tohon shi aka sare ranar Juma'a irin ta yau, rana ta uku kuma ya tashi, amsar tambayar Ayuba ke nan. Saiwar da ke riƙe mai bi ba halin kirkinsa ba ne, ba kuma tarbiyyar gidansu kaɗai ba, Almasihu ne da kansa. Ya rufe da Galatiyawa 6:1, cewa in an kama wani cikin laifi, masu ruhaniya su komo da shi cikin tawali'u, kowa yana lura da kansa.

A mota, cikin duhu, muna gab da hawa kwalta, Kawu ya yi magana ba tare da ya juyo ba. "Horon nan daidai ne. Ko yau aka sake, zan ce a yi." Ya yi shiru har muka wuce Cadawa. "Amma daga bisa na saro."

Ranar Lahadi majami'arsu ta cika maƙil, zumuntar mata da anko da tulunansu na kiɗa, aka yi ta "Ya tashi!" ana amsawa "Ya tashi hakika!" Yaron bai zo ba. Na ga Inna tana waiwayen ƙofa duk lokacin da wani ya shigo.

Washegari da zan koma, na ɗauki jakata zan fita neman abin hawa, sai Kawu ya ce in dakata. Ya miƙa wa ƙaramar 'yarsa wayarsa. "Kira yayanki, ki ce ya zo ya kai ɗan'uwansa tasha." Ba a jima ba muka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ya rame, idonsa ya yi ja, bai kashe injin ba, bai kuma sauko ba. Ya gaishe ni, "Yaya, ina kwana," ya sunkuyar da kai ya gaida mahaifinsa. Kawu ya fito har bakin zaure, ya ɗaura jakata a bayan babur ɗin da hannunsa, ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta.

"In ka sauke shi ka biyo ta nan. Ina da katako da za a ɗauko daga kasuwa, ni kaɗai ba na iyawa. Innarka kuma ta ajiye maka abinci."

"To, Baba."

A hanya na tambaye shi aikin. Ya ce babur ɗin ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi kuɗin yini, ranar da ba ciniki bashi ne a kansa, ƙwayar ma don ya iya kaiwa dare a kan titi ya fara ta. Na ce zan kira shi ranar Asabar, kuma zan riƙa kira. Ya karanto mini lambarsa na adana. A tasha na ciro jaka guda na miƙa masa, ya ƙi karɓa, ya ce in gaida Gwaggo. Ya juya babur ɗin ya ɗauki wata mata mai buhun albasa da za ta babbar kasuwa, ya ce mata zai sauke ta da sauri don ana jiransa a gida.